Ruwan da Muka Ji Ba Mu Gani Ba

Ƙarfe shida da rabi na safiyar wata Asabar ta kaka, muna tsaye a ƙofar makarantar firamare ta ƙauyenmu a ƙasar Kurfi: hedimasta, Malam Sada na aji shida, direban bas, yara maza goma sha huɗu, da mu mata biyar. Za a kai mu wani gandun daji na gwamnati can kudu, mu ga inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Ni kuwa ban taɓa ganin ruwa na zubowa daga bisa ba sai na indararo.

Ba a banza na samu tafiyar nan ba. Baba ya ce sai an gama roron wake a gonarmu ta bayan gari, don haka kwana huɗu ina duƙe daga tashi makaranta har magariba, hannuwana duk ƙaiƙayi. Inna ta wanke mini riga, ta ƙulle mini dafaffiyar gyaɗa a bakin mayafi.

Mun wuce Dutsin-Ma kafin rana ta yi zafi, muka isa bayan azahar. Tun daga inda bas ta tsaya ake jin rugugin ruwan kamar hadari. Aka sauke tukunya da shinkafa da manja, sai hedimasta ya nuna gindin wata ɗorawa ya ce, "'Yan mata, ku ɗora girki. In mun dawo sai a kai ku." Muka samo itace, muka kafa murhu, muka hura wuta. Hayaƙi na cin idonmu, ruwan na ƙara bayan tudu ɗaya tak. Malaman da yaran maza suka dawo daga wurin ruwan a jiƙe suna dariya, suka ci suka ƙoshi, aka yi la'asar, direba ya ce ba ya bin hanyar nan da duhu. Muka wanke tukunya, muka shiga mota.

Ran Litinin Malam Sada ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Na rubuta layi ɗaya: "Na ga tukunya." Bulala shida ya yi mini, wai rashin kunya. Ƙawata Hinde, wadda muka yi girkin tare, ta kwafi na wanta da ya ga ruwan, aka yaba mata a gaban aji.

Yau jikokina a Dutsin-Ma kan nuna mini ruwan a waya, ni kuma in kawar da kai. Ba hoto aka yi mini alkawari ba, kuma gwiwoyina sun wuce hawan tudu. Kai mai karatu, malami ne kai ko uba, in ka kwashi yara zuwa kallo, ka ƙirga su a gaban abin kallon, ba a ƙofar mota ba. In da wadda ba ta gani ba, don Allah kada a tayar da mota.