Eulogia da Husufin Wata

Eulogia Canché matar yayana Nicanor ce. Sana'arta saƙar ragar kwanciya, kuma ba ta taɓa makara wajen kawo rahoton haihuwa ofishina ba. Ni ne magatakardan rajista a ƙauyenmu da ke yankin Yucatán, shekara ashirin da shida ke nan.

Ɗanta na fari, Isidro, kurma aka haife shi. Mahaifiyarmu ta ce ai an ga Eulogia a tsakar gida ranar husufin wata, da tsohon ciki, ba jan ƙyalle a ƙugunta, wanda a wajenmu ake cewa shi ke kare ɗan ciki daga husufi. Gari ya ɗauka. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Isidro ya girma da sanin cewa sakacin uwarsa ne ya toshe masa kunne, har ya daina cin abinci kusa da ita.

Bara wata likitar ji ta zo daga birnin Mérida. Ta sanya wa yara na'ura a kunne, ta ɗebi yawun iyaye don gwaji, sannan ta roƙe ni tsoffin littattafan rajista don ta zana dangantaka. Bayan wata biyu ta dawo ta zaunar da ni da Eulogia.

"Gado ne," in ji ta. "Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, ko da su suna ji garau. Wata ba ruwansa."

Ta nuna mini sunan ƙanin kakanmu. A gefe an rubuta "kurma". Da hannuna na kwafe shafin nan lokacin da tsohon littafin ya ruɓe.

Eulogia ta dube ni. "To, malam mai alƙalami, ashe gidanku ma kun leƙa watan?"

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Ni ka bar ni. Yaron za ka gaya wa. Maganarka yake yarda da ita, kai ne mai littafi."

Muka tarar da Isidro yana ɓare masara. Na ɗaga hannuwa, na rasa yadda zan yi da su; gaisuwa kawai na iya da maganar hannu. Eulogia ta ja tsaki, ta ajiye zarenta, ta tsaya gefena. Ina faɗa, tana mayar masa.

Isidro bai kalle ni ba. Hannuwan uwarsa yake kallo, har ya yi mata alama ta maimaita.