Ranar da Kawu Ya Ce Albarka

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma ranar da na kai wani malami garin Kebbe ya duba kawuna ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin Nasara ba su zo ba, ni kuwa ina dillancin jakai a kasuwar Tambuwal. A hannun kawun nan na fara ganin yadda ake buɗe bakin jaki a san shekarunsa, da yadda ake duban fuskar mai shi a san matsuwarsa.

Bayan kaka aka aiko mini cewa ya kwanta. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, ya dai juya fuska ga bango, fura ma sai an yi da gaske yake kurɓa. Wanzami ya yi masa ƙaho, an ba shi rubutu, an yi turare, babu sauƙi. Har ya fara wasiyya. 'Ya'yansa suka ce sammu ne.

Akwai wani malami a unguwarmu da ake wa tsegumi wai tambaya ta fi rubutu yawa a wurinsa. Shi na roƙa, muka kama hanya. Muna tafe na tambaye shi ko akwai cutar da ba ta taɓa jiki amma ta kayar da mutum. Ya ce akwai, kuma karatunta tsoho ne. Masu magani na farko sun ce ɗabi'u huɗu ne a jiki, zafi da sanyi da danshi da bushewa, idan ɗaya ta rinjayi sauran sai hali ya sauya. Malaman da suka biyo baya suka ƙara cewa zuciya kan kamu da nata ciwon ita kaɗai, kamar waswasi da tsoro da baƙin ciki, kuma magana da sauyin zama suna yi mata magani. "Mu kuma muna ƙara ɗan abin da munka gani," in ji shi. Na yi mamaki. Da na ɗauka karanta zuciyar mutum wayon kasuwa ne kawai, ashe har a littafi yana nan.

Da muka isa, Malam ya gaida Kawu, bai samu amsa ba. Sai ya zauna a zaure da babban ɗan Kawu.

"Yaushe abin ya fara?"

"Tun da munka hana shi zuwa kasuwa, Allah gafarta Malam. Abin kunya ne muna raye tsohonmu shina jan igiyar jaki. Munka ce ya huta."

"To, tun daga rannan, wa ya nemi shawara tai?"

Ɗan ya ce babu kowa. Malam ya jawo ni gefe ya ce maganin ba ya cikin gafakarsa, yana cikin sana'ata. Ya tambaye ni wane jaki Kawu ya fi so. Na ce wani auraki ne, farin jaki mai tsawo, wanda ya rantse ba zai bar gidan ba sai da daraja.

Muka ɗaure aurakin daidai ƙofar ɗakin Kawu, Malam ya zama mai saye, ni mai sayarwa. A kasuwa, idan mai saye ya taya kaya bai kai ba, mai kaya yakan ce "albarka", wato bai yarda ba. Idan ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, ba komowa. Malam ya ɗaga murya ya taya jakin da abin da ko akuya ba zai saya ba. Na yi ta jan magana ina saurare. Ɗaki shiru. Idan wannan bai motsa Kawu ba, na san likkafani ya rage mu nema. Na daure na ce, "To, tun da kai ne Malam, na sal..."

"Albarka."

Muryar a dushe take, amma tasa ce. Sai ga shi ya dafa bakin ƙofa.

"Kai ɗan ƙanwata, ashe kan kabewa na koya ma sana'a? Wanga jaki za ka sallama haka?" Ya juya ga Malam. "Allah gafarta Malam, karatu naka ne, jaki nau ne. Taya da mutunci ko ka kama hanya."

Aka shimfiɗa masa tabarma, ya ja ciniki har la'asar. Da maƙogwaronsa ya bushe, da bakinsa ya ce a damo fura, ya shanye ƙwarya guda. Jakin kuwa bai sayar ba. Da yamma Malam ya gaya masa gaskiyar abin da muka shirya. Kawu ya yi dariya har da tari. "Tun tayin farko na gane. Ba mai taya auraki haka sai mahaukaci ko mai shiri. Kunnena ne bai iya ɗauka ba."

Daga nan kowace ranar kasuwa 'ya'yansa suke kai shi gindin wata tsamiya, ana kawo masa jakai yana duba haƙora yana zagin dillalai. Damina da yawa ya ƙara a duniya.

Abin da na koya shi ne, mutum ba tuwo kaɗai ke riƙe shi ba, har da sanin cewa ana bukatarsa. Idan naka ya kwanta ba ciwo, kafin ka zargi maƙiyi, ka duba abin da ku masoyansa kuka karɓe masa da sunan hutu.