Ranar da Mai Sanyi Ya Fara Littafi Daga Ƙarshe

Duk layin, Mai Sanyi ake ce masa, saboda gyaran firji da esi ne sana'arsa. Amma in kana son ka ga sunan nan ya tashi a banza, to ka kira abin da yake kallo "katun". Nan take jijiyar wuya za ta miƙe. "Anime sunansa! Na takarda kuma manga. Katun na 'yan yaye ne." Mutum mai shekara arba'in da biyar fa, da furfura a gemu da 'ya'ya uku.

Matarsa tela ce. Kekenta na falo, jingine da kantar littattafansa, don haka shekara goma sha tara ta yi tana ɗinki tana shan sharhi, ko tana so ko ba ta so. Ta san tarihin abin tun daga tushe. Yana ɗan shekara sha shida, yana koyon aiki, aka je gyara a wani gida ya tarar da kwalin littattafan zane an ajiye bakin shara. Ya kwaso. Ya ce su suka hana shi gudu daga wurin koyon sana'a, domin a ciki ya ga wanda ya faɗi sau ɗari yana tashi yana sake gwadawa.

Littattafan nan ba a buɗe su kamar na boko. Daga inda na boko yake ƙarewa suke farawa, kuma Mai Sanyi ba ya wasa da wannan. Ƙanin matarsa, direban tasi, ya taɓa buɗe ɗaya ta gaba, ya sha duka a bayan hannu kamar ɗan firamare. "Ka fara da ƙarshe, ka kashe labarin!"

Ba makahon so yake musu ba, a ba shi wannan. Yakan ce babu mai iya zana shiru kamarsu, shafi guda babu kalma ko ɗaya amma sai ƙirjinka ya yi nauyi. Mugun cikinsu ma da dalilinsa, har ka rasa wa za ka tsana. Sai kuma ya juya ya zage su tas. Faɗa ɗaya a yi sati goma ana yi, rabi duk surutu ne. Wanda ka yi wa kuka bara, bana sai ga shi ya dawo da rai, ko kunya babu. Babbar ƙaryarsu kuwa, in ji shi, a maka wa jarumi dutse a ka, gobe ka gan shi da 'yar filasta a kumatu yana neman abinci.

Ita telar nata ƙorafin ɗaya ne. "Ni matan cikinsu ne ke ba ni haushi. Ba su da aiki sai tsayawa gefe suna kuka suna kiran sunan namiji."

"Akwai jarumai mata, ke dai ba ki kai wurin ba."

"Shekara goma sha tara ban kai ba?"

Shi ne kuma ya koya mata gane wanda zai mutu. "In kika ga an tsaya ana nuna yarintar mutum, ko ya ɗauki abin da yake ji da shi ya ba wani, ko ya ce in na dawo akwai maganar da zan gaya miki, to shi ke nan, ki fara yi masa ban kwana." Ta ƙware har tana riga shi faɗa, yana jin haushi.

Wata Alhamis ya je kafa esi a wani ofis. Tsani ya zame a kan tayil, ya faɗo ta baya, ƙeya ta daki ƙasa. Waɗanda ke wurin sun ce ya ɗan jima kwance bai motsa ba. Sai ya buɗe ido, ya tashi, ya karkaɗe wando, ya sake hawa ya gama aikin. Har tafi aka yi masa. Ya dawo gida yana ba da labarin da alfahari, da 'yar filasta a ƙeya.

"Mu je asibiti, Baban yara."

"A kan ƙulu? Haba. Kin taɓa ganin jarumi a layin karɓar kati?"

"Kai da bakinka ka ce wannan ce babbar ƙaryarsu."

Ya yi dariya. "Ƙarya ce, amma mai daɗi."

Ƙulun ya sace a kwana uku. Ciwon kai ne bai tafi ba. Ya riƙa haɗiyar ƙwaya safe da yamma, in ta yi magana ya ce zafin rana ne. Mutumin da bai san barcin rana ba, sai ta juyo daga keke ta gan shi ya yi laƙwas a kujera, baki buɗe. Ranar kwana na takwas kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya tsaya yana kallon hannun, sannan ya ce kofin ne mai santsi.

Da yammacin ranar, haka kawai, ya hau ba ta labarin yarintarsa. Yadda mahaifinsa yake ɗora shi a kafaɗa, da wani takalmin roba ja da ya ɓata masa a bakin rafi. Shekara goma sha tara bai taɓa ambaton takalmin nan ba. Tana jin sa, allura na hannunta, sai ta tuna alamun mutuwar da ya koya mata. Kashegari ya zaro littafin farko, na cikin kwalin shara, wanda ko ƙura ba ya bari a goge masa, ya miƙa wa babbar 'yarsu ya ce ta riƙe.

Telar ta yi ta yi wa kanta faɗa. Ke kuwa da hankalinki, alamun zanen takarda za ki ɗora wa mijinki? Ta nemi tsari, ta koma kan keke. Amma ranar sau biyu tana ɗinke hannun riga a baibai. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta da abin da za ta nuna wa kowa sai kofi da takalmin roba.

Safiyar kwana na goma sha biyu yana da aiki a hawa na uku na wani bene. Ya ɗaure tsani a babur, ya dawo falo ya zauna jiran a kira shi a waya, ya jawo littafi. Yara sun tafi makaranta. Tana taka keke tana satar kallonsa, sai ƙafarta ta tsaya da kanta.

Ta gaba ya buɗe shi, kamar littafin boko. Yana juya shafi a natse, daga ƙarshe yana komawa farko.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ina aka kwana a labarin?"

Ya yi tsaki. "Kin ga halin nasu ko? Tsohon nan da aka binne, ga shi sun tayar da shi. Yanzu ma yana ta ƙara lafiya." Maganar tana fita da nauyi, kamar mai tauna abu.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ajiye littafin a kife, ya miƙe yana dafa bango, ya nufi ƙofa yana jan ƙafar dama kaɗan.

"In na dawo," ya ce, "akwai maganar da zan..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta riga shi ƙofa, ta murɗa mukulli, ta zare, ta haɗa da na babur ta jefa ta taga cikin tsakar gida. Ta kira ƙaninta ta ce ya ajiye ko wa ya ɗauko ya zo yanzu-yanzu. Mai Sanyi ya yi mata tsawar da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ya ce ta raina shi, ya ce mutane na jiransa, ya kira ta da sunan 'yarsu. Ta jingina bayanta da ƙofa, ba ta matsa ba.

"Ka yi ta faɗa. Wallahi ba za ka hau tsanin nan ba."

Ƙanin ya zo ya tsinci mukullin ya buɗe musu. Kafin tasi ta kai asibiti Mai Sanyi ya daina faɗan, kansa ya kwanta a kafaɗarta. Shirun ya fi tsawar tayar mata da hankali.

Aka ɗauki hoton kansa. Likitar, wata mace mai gilashi, ta nuna mata wani farin abu a gefe guda ta ce jini ne yake taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, kuma yanzu za a shiga da shi tiyata. Ta tambaya yaushe ya faɗi.

"Yau kwana goma sha biyu."

Likitar ta ɗago ta dube ta ta saman gilashi. Sannan ta miƙa mata takarda ta sa hannu.

Ya rayu. Amma ba da 'yar filasta ya fito ba. An aske rabin kan, an naɗe shi da bandeji, hannun dama yana kwance a kan bargo ba ya jin kira. Likitar ta ce magana za ta dawo a hankali, hannun kuma sai abin da Allah ya yi, tsani dai an gama da shi.

Ranar kwana na biyar da yin tiyatar telar ta zo da littafin nan a jaka. Ta ɗora masa a cinya a rufe, ta koma ta zauna, ta matse hannuwanta tsakanin gwiwoyi. Ya dube shi ya daɗe. Ya kai hannun hagu ya shafa bangon gaba. Sai ya tura littafin da ƙyar, ya kifa shi, ya buɗe ta baya.

Kukan da ta riƙe kwana goma sha bakwai ya ɓalle mata.

Ya juyo da kai a hankali, gefen bakinsa ɗaya ya motsa. "Mata... gefe... kuka."

"Rufe min baki," ta ce tana share ido da mayafi. "Sai da na kawo ka tukuna na yi."

Ya mayar da ido kan shafin. Ya so ya juya na gaba, kafaɗar dama ta motsa, hannun bai taso ba. Ya sake gwadawa. Ya sake. Sannan ya tsaya yana kallon hannun, kuma wannan karon bai ce komai ne mai santsi ba.

Ta jawo kujerarta kusa da gadon, ta juya masa shafin.