Ƙunshin Kifin Na-Sani

Akwai tatsuniya ɗaya da na tsana ina yarinya, ita ce kuma ta cece ni da 'yata bayan shekaru masu yawa. Daga bakin kakata Rifkatu na ji ta.

A unguwar Chagoua muka taso, a ƙasar Chadi, ba nisa da Kogin Shari. Hausawan unguwarmu kusan duk Musulmi ne, jikokin mahajjatan da suka yada zango a nan suka zauna. Mu kuwa kakanmu kafinta ne da ya zo daga wajen Zariya da addininsa na Kirista, ya rasu ya bar Kaka da sana'ar bandar kifi. Da rana ta faɗi sai ta hura wuta a cikin rabin gangar ƙarfe, ta jera tarwaɗa a kan waya, mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta, hayaƙi yana sa mu hawaye. A titi Larabci muke yi, a lekol, wato makarantar boko, Faransanci, amma a gaban gangar nan Kaka ba ta jin kowane yare sai Hausa. Takan ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin ruwa." Mu kuma mu ce ta ƙaraso mu gan ta.

Wai an yi wani masunci ana ce masa Na-Sani, don ba abin da za ka faɗa masa bai ce ya sani ba. Kuma gaskiya ya sani ɗin. Ya san inda giwan ruwa ke kwana, ya san ranar da kogi zai kawo. Abu ɗaya ne ya dame shi: Shari yana ta zuba cikin Tafkin Chadi tun zamanin kakanni, amma tafkin bai taɓa ƙoshi ba. Ya ce ɗan Adam ma haka yake, kullum wahala, kullum ba a cika. In ya gano asirin tafkin, to ya gano abin da ya kawo mutum duniya. Matarsa ta ƙunsa masa bandar kifi don hanya, shi kuwa ya rantse ba zai kwance ƙunshin ba sai ya samo amsa.

Ya tuƙa kwalekwalensa har tafkin, ya kafa gorarsa ta tuƙi a ruwa, ya yi mata alama daidai inda ruwan ya tsaya, ya zauna yana gadi. Ya tambayi masunta, ya tambayi makiyaya, ya tambayi masu ilimi, kowa ya ba shi guntun bayani. Kwana bakwai bai sa komai a bakinsa ba, har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Sai wata tsohuwa mai gyaran komar kamun kifi ta same shi kwance, ta ji labarinsa. A nan Kaka takan rage murya ta ce:

"Ɗana, wanda ya zuba ruwan nan bai ɗauke ka gadi ba. Ciki ya ba ka, ya ba ka mata mai yi maka ƙunshi. Kwance mu ci."

Na-Sani ya kwance, suka ci tare, ya gode wa Allah, ya koma gida yana waƙa. Daidai wurin nan ne Kaka take sauke kifi ɗaya daga wuta ta ɓare mana, kowa ya samu loma mai zafi. Sauran yara saboda lomar suke son tatsuniyar. Ni kuwa haushi take ba ni, don a ganina mutumin ya sha kashi ne kawai, ya dawo hannu rabbana yana waƙar banza.

Ranar da malaminmu ya koya mana cewa zafin rana ne ke ɗauke ruwa ya mai da shi hadari, da gudu na dawo gida. Na jira Kaka ta kai wurin tsohuwar, na miƙe tsaye, na zazzage musu karatuna kaf. Na ƙi karɓar kifin ma, wai ni na fi ƙarfinsa. Kaka ta tafa mini har da guɗa.

"Madam Lekol ta gano inda ruwa ke zuwa," in ji ta. "Saura ki gaya mana don me yake ta zuwa yana dawowa."

Na koma na zauna. Ta ce kada in ji kunya, ai mun ji a majami'a cewa Sarki Sulemanu ma, duk da hikimarsa, ya bincika har ya gaji, ya dawo kan tsoron Allah da cin abincinsa da godiya. Daga nan ta ce, "Kalas, shi ke nan, tatsuniya ta faɗa kogi, tarwaɗa ta haɗiye ta," ta cinye rabona a gabana.

Na girma na zama malamar kimiyya, Kaka ta riga mu gidan gaskiya. Sai wata damina zazzaɓi ya kama mijina Ishaya, mutum mai ƙarfi da ko ciwon kai ba ya yi, kwana huɗu ya tafi. Na tattara takardun asibiti na bi likitoci ɗaya bayan ɗaya. Sun yi mini bayani, na kuma fahimta sarai, har zan iya zana yadda abin ya faru a kan allo. Amma don me shi, don me yanzu, ba wanda ya sani. Na daina zuwa majami'a. Na daina cin abincin kirki, ruwan shayi kawai nake kurɓa. A raina na ce sai Allah ya ba ni dalili tukuna.

Ban lura ba ashe 'yata Tabita, mai shekara bakwai, ta daina taɓa kwanonta ita ma. Maƙwabciyarmu Hajiya Falmata ce ta shigo wata yamma ta kama hannun yarinyar ta nuna mini yadda ya tsotse. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta dai ajiye ƙunshin bandar kifi a takarda ta fita. Na ce wa Tabita ta ci. Ta girgiza kai.

"Sai Mama ta ci."

Ƙamshin hayaƙin ya daki hancina, na ga kaina kwance a bakin tafki kusa da gorata, ina shirin kashe ɗiyar da aka ba ni saboda amsar da ba a ba ni ba. Na yi kuka sosai. Sannan na jawo ƙunshin da hannuna na kwance, na ɓare kifin biyu, na yi godiyar da na kwana biyu ban yi ba. Muka cinye shi tas, har kai.

Ranar Lahadi na koma wurina a cikin mawaƙan majami'a, na ɗaga murya har mata suna waiwaye. Yau Tabita ta fi ni tsawo, kuma har yanzu ban san don me Ishaya ya tafi ba. Tafkin dai na bar wa Mai shi. Sai yanzu na gane Na-Sani bai dawo hannu rabbana ba, da ransa ya dawo, kuma waƙar da na raina ina yarinya ni ce nake rera ta.