Modar da Ke Rataye a Zaure

Tsohuwar da ke flat ɗin samanmu 'yar Indiya ce, kuma duk safiyar Lahadi sai ta kunna tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma da muryar ta sauko ta silin sai in bar unguwar Whalley Range ta Ingila da sanyinta, in koma gidanmu a Kano, shekarar da kawuna ya sayo bidiyo.

Ka san mu da fim ɗin Indiya. Bayan la'asar matan gida kan cika ɗakin kawu, goggona tana fassara mana, ita da ba ta da Indiyanci sai ƙarfin hali. Kakata kuwa cewa take shirme ne, mutane da girmansu suna zagaya bishiya. Amma kullum sai ta samu dalilin tsayawa bakin ƙofa da carbinta.

Tsaftar kakata har tsoro take ba mu. Tana da wani kofin silba da ta zo da shi daga Makka, ko kawu bai isa ya kai shi baki ba. A zaure kuma akwai wata tsohuwar moda rataye a ƙusa. Ta mai kwasar masai ce, wani dattijo marar yawan magana da kan zo mana gab da damina. In ya nemi ruwa, a ciki ake tsiyaya masa daga nesa, kuma ba a haɗa ta da kwanukan gida wajen wanki. Haka muka tashi muka gani.

Rannan aka sa wani tsohon fim, baƙi da fari. Wata yarinya ta zo bakin rijiya ƙishi ya ishe ta, aka hana ta taɓa guga. Ta durƙusa ta haɗa tafukanta, wata mata tana zubo mata ruwa daga can sama, rabi a hannu rabi a ƙasa. Da gefen zanen yarinyar ya shafi tulu, nan take aka fasa tulun.

Kakata ta tambayi laifin da yarinyar ta yi. Goggo ta ce babu, iyayenta ne masu share bayan gida, haka aka haife ta kuma haka za ta mutu. Ran tsohuwa ya ɓaci, ta ce mutanen nan ba su san Allah ba. Kawu, da yake shi ne auta kuma bakinsa ba linzami, ya ce yana dariya, "To Inna, modar zaure fa?"

Na ɗauka mari zai sha. Sai kawai ta dube shi, ta juya ta shige ɗakinta, kuma ba ta ƙara tsayawa bakin ƙofar nan ba.

Da hadari ya fara haɗuwa dattijon ya zo. Ya gama aikinsa wajen azahar, ya wanke jikinsa, ya ɗauko modarsa ya tsuguna yana jira. Sai ga kakata da kanta ta fito zaure, kofin Makka cike da ruwan randarta, ta miƙa masa. Ya ja da baya, ya ɗaga moda. Ba ta zuba ba. Ya ajiye modar ya haɗa tafukansa, hannunta dai yana nan a miƙe.

"Karɓi, Malam," in ji ta. "Hannuna ya gaji."

Ya karɓa hannu bibbiyu. Ya kurɓa ya mayar mata. A gabanmu duka ta kafa kai ta shanye sauran, yadda muke shan sauran malamai don neman albarka. Na ga manyan mutane a rayuwata, amma ban ƙara ganin girma irin na ranar ba.

Yau ga mu a Ingila. Da yawanmu, da digirinmu da komai, wankin bayi muke a ofisoshin Salford kafin mu wuce jami'a, ni ma a ciki. Kwanan baya na je suna a Birmingham, na ji wata da muke aikin tare tana cewa sun dakatar da maganar auren ƙanwarta. Yaron ba shi da laifi, in ji ta, yana da good job, amma an bincika family, kakansa mahauci ne. Matan suka gyaɗa kai.

Na dubi hannuwanta, duk maganin wankin bayi ya cinye su kamar nawa. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, yammaci ɗaya ya ishe ta. Mu kuwa har teku muka ƙetare, muka taho da modarmu.