Kwabon da Aka Dirje

A kasuwar tsofaffin kaya ta Lyon, wani dattijo mai furfura yana tsaye, rigar sanyi bisa jallabiya, yana miƙa wa wata Baturiya mai sayen tsofaffin kuɗi kwabon tagulla na zamanin Rumawa. Hannuwansa na magini ne. Wataƙila a ramin gini ya tsince shi.

Matar ta dafe kai. "Malam, wa ya goge shi? Koren tsatsar jikinsa shi ne darajarsa! Irinsa yana da hoton kada ɗaure jikin dabino, yanzu ina hoton yake?"

"Ni ne, Madam. Toka da lemun tsami, yadda muke wanke tasa a Damagaram. Ya zan kawo miki abu da dauɗa?"

Ta mayar masa. Yana ta murza kwabon da yatsa, yana neman hoton kadan.