Wanda Aka Ce Teku Ya Ci

Idan ka ce wa Ɗayyabu ina kwana, sai ya ɗan leƙa waje tukuna ya tabbatar garin ya waye kafin ya amsa. Haka Allah ya yi shi. Tun yana yaro a Gumel ba a aikensa kasuwa ya dawo da wuri, domin sai ya kwance ƙullin gishiri ya lasa, ya sake ɗaurewa, sannan ya tsaya yana kallon mai sayarwar kamar ya kama ta da wani abu. Da ya girma ya yi tireda ya gaji, wani ɗan'uwan matarsa ya samo masa hanyar Katar, aikin gadi. Mutanen unguwa suka ce an dace, yau ga Ɗayyabu za a riƙa ba shi albashi don ya zargi mutane.

Ya yi shekaru a ƙofar wani dogon bene a unguwar West Bay, yana tsare masu kwat da sun fi shi sanin ginin, yana juya katinsu gaba da baya. Daga baya kamfani ya mai da shi wani fili a bakin ruwa, can gefen Doha, inda wani attajirin ƙasar yake tara tsofaffin jiragen katako ana gyara masa. Irin jiragen fatake ne na da, waɗanda ba su da inji, sai ƙaton ƙyalle da ake ɗaurawa a doguwar sanda iska ta tura su. Ɗayyabu bai so canjin ba ko kaɗan, kuma yana da dalilinsa.

A gidansu teku ba abin sha'awa ba ne. Kakansa na wajen uwa, Sabo baduku, ya bar Gumel da ƙafa zuwa Makka tun zamanin Turawa, yana ɗinka fata yana sayarwa a hanya. Ya bar mata da 'ya ɗaya tak, yarinyar ba ta ma iya tafiya sosai ba. Bayan shekaru abokin tafiyarsa ya dawo da labari: a Suwakin, bakin Bahar Maliya, suka rabu, Sabo ya shiga wani jirgin fatake mai zuwa Jidda, jirgin bai isa ba, kuma ba a ga ko mutum ɗaya ba. Aka yi zaman makoki babu gawa, matar ta yi takaba, ta yi wani auren. Yarinyar ita ce Sahadatu, mahaifiyar Ɗayyabu, wadda yanzu duk gida ke ce wa Inna. Ta tsufa ba ta san fuskar ubanta ba, waɗanda suka san shi kuma duk sun ƙare. Abin da take roƙon Allah bai wuce ta haɗu da wanda zai ba ta labarinsa ba, ko da yadda yake dariya ne. Ɗayyabu yana ƙaunar tsohuwar nan fiye da yadda yake nunawa, kuma a ganinsa babban aikinsa a duniya shi ne kada wani ya yi wasa da wannan rauni nata.

Da korona ta zo aka kulle gari, aka hana shiga da fita a filin. Masu aikin suka koma kwana a ɗakunan da ke ciki, shi ma ya bar ɗakinsa na unguwar Muntaza ya tare a rumfar ƙofa. A nan ya san Osman, wani dattijo Basudane, baƙi siriri, wanda aikinsa cusa auduga da mai a tsakanin katakan jirgi don kada ruwa ya shiga. Rana ɗaya dattijon ya kawo masa shayi ya ce masa sannu da aiki da Hausa raɗau, irin tsohuwar Hausar da ake yayyafa wa Larabci. Wani zai yi murna ya samu ɗan'uwa a baƙon wuri. Ɗayyabu dai sai da ya bari shayin ya huce, ya ga Osman ya sha nasa, sannan ya kurɓa.

Zaman kulle yana da tsawo, dattijon kuma yana da baki. In sun idar da La'asar sai ya zauna a inuwar wani jirgi ya yi ta ba da labarin jiragen da suka salwanta. Akwai wanda ya taso daga Basra shaƙe da dabino, ruwa ya shiga, dabinon ya kumbura har ya tsage cikin jirgin. Akwai na katako daga Indiya da iska ta ɗauke kwana da kwanaki ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, aka same shi daga baya kayan na nan mutanen babu. Ya ce yawancinsu ba guguwa ce ta ci su ba, haɗamar mai jirgi ce, wanda zai loda kaya har ruwa ya kusa taɓa baki sannan ya ce a ƙara buhu ɗaya. Ɗayyabu yana jin daɗin labaran, ko da yake rabinsu yake ɗauka, sauran rabin ya ajiye sai ya bincika.

Wata Juma'a, bayan ya gama waya da Inna, sai ya ga Osman tsaye kusa da shi. Dattijon ya tambaye shi ko Gumel ya ji an ambata. Ya ce shi ma ubansa mutumin Gumel ne, baduku, sunansa Sabo.

Ɗayyabu ya gyara zama. Dattijon ya ci gaba. Ya ce jirgin da ubansa ya shiga na dawa ne da awaki, mai jirgin ya ɗora alhazai a kan buhunan don ya kauce wa masu bincike, ya bi wata hanya da ba a saba bi ba. Iska ta juya musu da hantsi, ta maka su a kan duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa, sandar ta karye ta faɗa kan mutane. Sabo yana da salkar da ya ɗinka da hannunsa. Ya zubar da ruwan ciki, ya hura ta, ya ɗaure bakin ya rungume. Masunta ne suka tsince shi can nesa da Suwakin, ya yi watanni bai san inda kansa yake ba. Da ya warke ya kasa sake taka jirgi, ya kuma ji kunyar komawa gida bai ga Ka'aba ba. Bana, baɗi, har wani mai wucewa daga ƙasarsu ya gaya masa an yi makokinsa, matarsa ta yi aure har da goyo. Sai ya roƙi mutumin ya rufa masa asiri, ya ce gara a bar shi a matacce da ya je ya kashe wa baiwar Allah aure. A Bur Sudan ya zauna, ya yi iyali, a can aka binne shi.

"In haka ne, ya waladi, ɗana," in ji Osman, "wannan da kake waya da ita yayata ce."

Labari ne mai ratsa jiki, kuma abin da ya sa Ɗayyabu ya ƙi shi ke nan. Ya yi kyau da yawa. Ya kwashe kwanaki yana juya shi kamar yadda yake juya katin baƙi. Shi da kansa ya taɓa ba wani abokin gadinsa labarin kakan, kuma baki ba ya rufuwa a wurin aiki. Wayarsa da Inna a buɗe yake sa ta saboda kunnenta, duk wanda ke kusa yana ji. Sunan gari, sunan mutum, sana'arsa, duk ana iya tsintarsu a ƙasa. Salka kuwa, ai kowane mai ƙarya ya san yadda ake sa wa miya gishiri. Abin da ya rage shi ne me dattijon yake nema, kuma bai daɗe ba ya samo: gonar Sabo tana nan a hannun Inna, ranar da aka ce akwai ɗa namiji kuwa lissafin gado ya canza. Ko da ba gona ba ce, ya hango tsohuwar ta yi kukan murna, ta tara dangi, sannan a wayi gari ƙarya ce. Wannan ba za ta tashi daga shi ba.

Sai ya shirya tarko. Abu ɗaya ne ya tabbata bai taɓa fita daga bakinsa a filin nan ba, sunan mahaifiyarsa, domin shi Inna yake ce mata. Ya samu dattijon yana buga auduga da 'yar gudumarsa, ya tsuguna kamar mai son hira.

"Baba Osman, ita 'yar da ya bari a Gumel, mene ne sunanta?"

Osman ya ajiye gudumar. Ya ce wallahi bai sani ba. Ya ce ubansu yakan yi maganarta, musamman da ya tsufa, amma sai dai ya ce yarinyar can, ko mutuniyar. Su da suna yara sun sha tambayarsa, sai ya kawar da kai ya ce a miƙo masa buta. Har ya rasu ba wanda ya ji sunan a bakinsa.

Ɗayyabu ya miƙe yana jin daɗi irin na wanda ya ƙirga awakinsa ya same su cif. Mutum ya yi shekaru yana begen 'yarsa amma 'ya'yansa ba su san sunanta ba? Bai yi wa dattijon rashin kunya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ja jikinsa. In Juma'a ta zo sai ya shige bayan ɗakin janareta ya yi wayarsa, inda ƙara ba za ta bari a ji komai ba. Osman ya roƙe shi ya bari su gaisa ko sau ɗaya, ya ce masa ba ta jin daɗi. Ya sake roƙo, ya ce masa babu sabis a garin. Dattijon ya gane, ya daina tambaya, amma bai daina kawo shayin ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar wa Ɗayyabu cewa mutumin yana da dogon shiri.

A haka aka buɗe gari, a haka shekara ta juyo, har Gasar Kofin Duniya ta zo. Aka shafe jiragen da mai suna ƙyalli, aka kai su Kornish, gaɓar ruwan cikin gari, suna yawo da baƙi masu fenti a fuska. Ɗayyabu ya samu aikin da ya fi so, binciken jakunkunan mutanen da ba ya jin yarensu. Osman kuwa yana zaune a gindin sandar jirgi da farar jallabiya, Turawa suna ɗaukar hoto da shi.

Da aka watse, attajirin ya rage ma'aikata, ya sallami tsofaffi. Osman ya zo rumfar ƙofa da jakarsa ya yi sallama. Ya ce khalas, shi ke nan, zai koma gida, ƙarfi ya ƙare. Ya so ya ba shi lambar 'yarsa ta can, Ɗayyabu ya ce wayarsa ba caji, a bari sai anjima, alhali ya san motar filin jirgi tana jira. Dattijon ya dube shi ya yi ɗan murmushi, ya ce ya gaida masa yayarsa, ya ce mata ubansu yana da wushirya. Ya tafi bai roƙi komai ba. Ɗayyabu ya ɗan ji wani iri, amma ya gaya wa kansa cewa ɗan damfara ne ya ga babu ci ya haƙura.

Sai da ya tabbata hatsarin ya wuce sannan ya ga babu laifi ya ba Inna labarin, don ta yi dariya ta kuma san irin tsaron da yake mata. Matarsa Fausatu ce ta riƙe mata wayar, yana ganin fuskarta. Ya kwashe komai ya faɗa, jirgin dawa, salka, masunta, kabari a Bur Sudan. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ya yi sauri ya kai wurin tarkon, yadda ya tambayi suna mutumin ya yi tsuru-tsuru, wai uban sai dai ya ce yarinyar can ya nemi buta.

Inna ta sa Fausatu ta matso da wayar kusa. Ta ce ya maimaita, ya maimaita.

"Ɗayyabu," ta ce a hankali, "tun da na haife ka, ka taɓa jin sunan yayanku a bakina?"

Bai taɓa ji ba. Ya san haka, ya san dalili, ya tashi ya ga dattawan garinsu ba sa kama sunan ɗan fari ko ana yanka su. Shi ne dai ya riga ya yanke hukunci, bai bar wa abin da ya sani wurin zama ba. Inna ta ce maƙaryaci da ya ƙirƙiro suna, ko ya bi ta bayan gida ya samo. Wanda ya ce bai sani ba, a gaban uban ya tashi. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, amma fuskarta ta yi haske irin wanda Ɗayyabu bai taɓa gani ba. Ta ce ashe a ƙasa yake kwance kamar kowa. Ta gyara ɗankwalinta, ta gyara zama kamar mai shirin karɓar babban baƙo.

"To je ka kira min ƙanen nawa," ta ce. "Ina nan, ba zan kashe ba."